Tumatir ɗina ba ya kwana uku a Kumasi, ina mafita?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina zaune a Aboabo nan Kumasi, duk Asabar nake shiga kasuwar Kejetia in yi cefanen sati, tumatir, attarugu, albasa, kontomire (ganyen gwaza), ayoyo da ɗan ayaba na yara. Ina dawowa nake wanke su tas in ƙulle a leda in jera a firij, amma kafin Talata tumatir ya fara ruwa, ganye ya yi yauƙi, ayaba ta yi baƙi ƙirin, ga kuma dumsor, wato yawan ɗauke wuta. Maƙwabciyata 'yar Bawku ta ce in gwada tukunya cikin tukunya da yashi irin yadda suke yi a gida. Dan Allah ya zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Kafin mu ɗora wa dumsor laifi bari in fara da abin da kika faɗa da bakinki, wankewa da ƙullewa a leda. A nan ɓarnar ta fara. Kayan gwari ko an cire su daga gona da ransu, suna numfashi suna fitar da ruwa, to kin jiƙa su kin kuma toshe musu iska, sai gumi ya taru a ledar, funfuna kuwa abin da take jira kenan. Ki buɗe ledar da safe ki ga ɗigon ruwa a jikinta, shi ne ke cinye miki kuɗin cefane. Ki daina wankewa sai lokacin da za ki ɗora tukunya. In ƙasar ta yi yawa kin kasa haƙuri, ki wanke amma ki baza a faranti ko tabarma su sha iska su bushe sarai tukuna.

Sai firij. Mu dai mun ɗauka komai aka jefa masa ya tsira, ba haka ba ne. Sanyinsa yana wajen digiri 4, ayaba kuwa da ta sha sanyi ƙasa da digiri 13 bawonta ke baƙi, ɗanyarta ma ba za ta ƙara nuna yadda ya kamata ba. Haka doya, haka dankalin Hausa, haka ɗanyen mangwaro da gwanda. Tumatir shi ma in bai gama nuna ba sanyi na kashe masa ɗanɗano, ki jera shi a kwando a inuwa, wajen hancin yana kallon ƙasa, kada ki tula shi kan juna. Wanda ya yi jajur ya fara laushi shi ne na firij. Kuma tun a kasuwa ki ce wa mai tumatir ta gauraya miki, rabi nunanne rabi mai ɗan kore, kuma ki sa ta juye robar a gabanki dan kin san inda ake ɓoye fasassun. Yawancinsa ya sha hanya kafin ya iso Kejetia, wani daga Akumadan, lokacin rani kuma har daga Burkina Faso a akwatunan katako, na ƙasa ya riga ya danne. Guda ɗaya da ya fashe in kika bar shi cikin sauran zai ja su duka.

Akwai kuma abin da mutane ba su cika sani ba. Ayaba, mangwaro, gwanda, fiya da shi kansa tumatir suna fitar da wata iska da ba ta gani ana ce mata etilin, ita ke sa su nuna. Shi ya sa masu ayaba ke rufe ta da buhu in suna so ta yi sauri. To wannan iskar in ta samu kontomire ko kabeji ko kokwamba sai su yi rawaya tun lokacinsu bai yi ba. Ki raba musu wuri kawai. Albasa kuma ba ruwanta da leda ko firij, kwando mai huji a busasshen wuri, nesa da dankali, musamman 'yar Galmi mai kyau sai ta yi makonni lafiya lau.

Ganye gaskiya ba ya jira. Ayoyo da alayyahu ki dafa su Asabar ko Lahadi, kontomire ki cire waɗanda suka lalace ki naɗe sauran a tsumma mai tsabta ko takarda sannan ki sa a ledar da kika huhhuda, a aljihun ƙasa na firij.

Yanzu maganar maƙwabciyarki. Ba ta yi ƙarya ba, dabarar tana aiki, wani malami ne a Jigawa ta Najeriya, Mohammed Bah Abba, ya yaɗa ta har kamfanin Rolex ya ba shi lambar yabo a 2000. Ƙaramar tukunya cikin babba, jiƙaƙƙen yashi a tsakani, a rufe da jiƙaƙƙen tsumma. Amma sirrin shi ne ruwan yashin ya riƙa bin iska yana tafiya da zafin, kamar dai yadda randa ke sanyaya ruwa. A Bawku ko Bolga, can arewacin Ghana, iska a bushe take tana shan ruwan da sauri. Nan Kumasi kuwa damina biyu muke yi, wanki ma sai ya wuni a igiya bai bushe ba, ina iskar za ta kai ƙarin ruwa? Ni na gwada a watan Yuni dan in gani da idona, bayan kwana huɗu jikin tukunyar har ya fara kore, na tura hannu ciki kusan ɗaya da waje. Ki bari sai hunturu, Disamba zuwa Fabrairu, a nan za ki ga amfaninta.

Abin da ni zan yi da ni ce ke, in tumatir ya yi araha, in markaɗa shi da attarugu da albasa, in tafasa har ruwan ya ƙone ya yi kauri, ya huce, in rarraba a ƙananan robobi daidai miya ɗaya ɗaya in sa a firiza tare da gorunan ruwa su daskare. In an ɗauke wuta ki hana yara buɗe-buɗe. Firij a rufe yana riƙe sanyi kamar awa 4, firiza cikakkiya kuwa tana kai kwana 2, in rabi ce kwana 1.

Dan Allah tumatir da ya yi funfuna kar ki yanke gefen ki jefa sauran a miya, abu mai laushi funfunar ta riga ta shige ciki ko ba ki gani. Karas da kabeji masu tauri ne, su kina iya yanke wurin da faɗi ki yi amfani da sauran. In kuma da hali ki raba cefanen biyu, su albasa da doya ranar Asabar, ganye da tumatir ki ɗan leƙa kasuwar unguwa ranar Laraba.