Ku je wurin lauya tun Mama tana gane abin da take sa wa hannu

'Yar'uwa, Allah ya ba Mama lafiya. Kin ce shekarunta 76, ta fara mantuwa, ku biyar ne 'ya'yanta, kina tambaya ta ina za ku fara shirin kuɗi da takardu. Ni na yi jinyar mahaifinmu shekara shida kafin Allah ya karɓi abinsa, don haka abin da zan faɗa miki a jikina na ji shi.

Ku fara da takardar wakilci, kuma a cikin watan nan. Ita ce takardar da Mama za ta ba ɗayanku ikon taɓa asusunta, karɓar fanshonta, da sa hannu a madadinta. Babban sharaɗinta shi ne: mai bayarwa ya san abin da yake yi a ranar da ya sa hannu. Mu nan muka yi sake. Muna ta cewa ai Baba da sauransa, har ranar da na je banki da katin shaidarsa da wasiƙar likita. Ma'aikacin ya saurare ni tsaf, ya ce ya yarda da ni, amma doka ba ta san ni a kan asusun nan ba. Baba kuwa yana zaune a mota yana tambayar ƙanena, "Kai wane ne?" Ba a fafe gora ranar tafiya. Sai kotu muka nufa neman a naɗa ni mai kula da lamuransa, da rahoton likitoci, da kuɗin lauya, da zaman jira na watanni, alhali kuɗin maganinsa na kwance a asusunsa.

Ga wani tarko da ban sani ba sai daga baya. A dokar ƙasashe da yawa, wakilci na gama-gari yana faɗuwa da zarar hankalin mai bayarwa ya gushe, wato daidai lokacin da ake bukatarsa. Ki gaya wa lauya ƙarara cewa mai ɗorewa kuke so, wanda zai ci gaba da aiki ko Mama ta daina gane mutane, ya faɗa muku yadda dokar wurinku ta tsara shi. A makon da za a sa hannu likita ya duba ta ya rubuta cewa tana cikin hayyacinta, saboda gobe wani zai iya cewa lallaɓa ta kuka yi. Ku kai wa bankinta kwafi tun yanzu, don wasu bankunan suna da nasu fom ɗin. Wakilci yana ƙarewa ranar rasuwa; daga nan maganar wasiyya ce da gado, takardarsu daban.

Riƙe katinta na cire kuɗi da lambar sirri ba wakilci ba ne. Kowa na yi, na sani, amma ranar da katin ya daina aiki ko wani ya nemi lissafi, ke ce a tsakiya.

Batun kuɗi kuma, ku yi lissafin shekaru, ba na watanni ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sama da mutum miliyan 55 ke fama da ciwon mantuwa a duniya, kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari nau'in Alzheimer ne, kuma ciwo ne mai tafiya a hankali. Abin da ya cinye mu ba magani ba ne. Kunzugun manya ne, da wankin zannuwan gado kullum, da mai kwana da shi da dare lokacin da ya fara tashi ƙarfe biyu yana neman ƙofa wai zai tafi aiki. Inshorar lafiya galibi tana biyan ganin likita da kwanciya asibiti, ba ta biyan mai yi wa tsoho wanka da ba shi abinci. Ku karanta taku da kyau. Kada kuma ku yi gaggawar sayar da gidanta ko mayar da shi sunan ɗayanku don "sauƙi". Abin da ya bar sunanta ya bar hannunta.

Sai 'yan'uwa. Ran wanka ba a ɓoyon cibi: ku zauna ku biyar, a rubuta abin da kowa zai riƙa bayarwa, da abin da za a ba wanda ya bar aikinsa ya zauna da ita. Ni littafi na saya, kowane rasit na liƙa shi da kwanan wata. Yayanmu, da bai taɓa kwana ɗaya da Baba ba, shi ya fara tambayar ina kuɗin suka tafi. Ban ce masa uffan ba, littafin na miƙa masa.

Akwai abu ɗaya da har yau yake ci mini rai. Ban taɓa tambayar Baba me yake so ba idan jiki ya yi tsanani: asibiti ko gida, a sa masa bututun abinci ko a'a, wa zai yi magana da likita a madadinsa. Kunya ta hana ni, na ga kamar ina yi masa fatan mutuwa. Da likita ya tambaye mu, mu huɗu muka ba shi amsa uku. Ki zaɓi safiyar da Mama ta tashi garau, ki tambaye ta, ɗaya daga cikin ƙannenki yana rubutawa.