Likita, wane saiti ya dace da sabon takunkumin na'urar numfashin maigidana?

TAMBAYA:

Assalamu alaikum likita. Maigidana yana da shekara 56, yana da hawan jini, kuma an gwada shi an ce numfashinsa na ɗaukewa in yana barci. Ya daɗe yana kwana da na'urar CPAP, mai hura masa iska don hanyar numfashi ta zauna a buɗe, ƙirar kamfanin ResMed, da ɗan takunkumin da ke tsayawa a hanci kaɗai, kuma mun ga amfaninta. Da robar ta lalace sai ƙaninsa ya sayo masa babba, mai rufe hanci da baki. Tun daga nan barci ya gagara, kullum da safe na'urar na nuna alamar jar fuska a allonta. Wani mai gyaran kayan asibiti ya zo ya ce iska ce ke zurarewa ta wasu ƙananan ramuka a gaban takunkumin, ya liƙe su da salatif, ya kuma ƙara lambar iskar daga 9 zuwa 14. Yanzu yana tashi da ciwon kai mai tsanani, ciki a kumbure, wani dare ma ya farka a firgice yana fizge abin daga fuskarsa. Ni kam na daina barci, zama nake ina gadinsa. Don Allah wane saiti ya kamata mu sa?

Daga wata uwargida a Mabera, Sakkwato

AMSA:

Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya ba maigida lafiya, ya saka miki da alheri bisa wannan gadin da kike yi.

Kafin mu je ga saiti, ki ɓare salatif ɗin nan yau, kafin dare ya yi. Ki wanke wurin da ruwan ɗumi da sabulu mara ƙarfi, ki goge da buroshi mai taushi har danƙon ya fita, sannan ki ɗaga takunkumin ki duba shi a haske. Kowane rami sai kin ga haske ta cikinsa. In akwai waɗanda suka ƙi buɗewa, kada maigida ya sake kwana da wannan takunkumin. Lambar iska kuma a mayar da ita 9, wadda likitansa ya rubuta masa. In ba ku san yadda ake mayar da ita ba, ku ɗauki na'urar ku kai asibiti a yi muku, kada ku sake kiran mutumin da ya taɓa ta.

Amsar tambayarki kuwa gajeriya ce. A na'urorin ResMed irin su AirSense 10, in kika shiga wurin zaɓin mai amfani za ki ga inda aka rubuta Mask, a ƙarƙashinsa akwai zaɓi 3. Pillows na ƙananan robobin da ke zama a ƙofofin hanci ne, Nasal na mai rufe hanci gaba ɗaya ne, Full Face kuma na mai rufe hanci da baki. Tunda maigida ya koma babba, sai a mayar da shi kan Full Face. Na fi kyautata zaton har yanzu yana kan saitin tsohon takunkumin. Amma ki duba takardar da ta zo a kwalin, domin akwai takunkumin da ido zai ce na hanci ne, alhali kamfanin ya ce a sa shi a Pillows. Abin da ke takardar shi za a bi.

Wannan saitin ba ya sauya lambar iskar da aka rubuta wa mara lafiya. Aikinsa shi ne ya sanar da na'urar irin takunkumin da ke ƙarshen tiyo, don ta san yawan iskar da aka tsara za ta riƙa fita da gangan, ta cire wannan daga lissafinta, abin da ya rage ta kira shi yoyo. In aka ba ta bayanin da ba shi ba, lissafinta na yoyo zai karkace, kuma ƙarfin iskar da ke isa fuska zai iya ɗan kaucewa. Kuskure ne da ake gyarawa cikin minti ɗaya, kuma ba ya kashe mutum.

Salatif ɗin nan kuwa yana iya kashewa, shi ya sa zan tsaya a kansa.

Babu abin da na fi cin karo da shi a wannan aikin kamar toshe waɗannan ramuka. Na ga an liƙe su da salatif, na ga filasta, na ga baƙin tef na masu gyaran wuta, na ga wanda aka ɗiga wa gam ya bushe ƙam. Kuma kusan kullum ba mara lafiyar ne ya yi da kansa ba. Wani ne ya zo da jakar kayan aiki, ya kara hannunsa gaban takunkumin, ya ji iska na busowa, ya ce ai ga matsalar nan, a biya shi kuɗin gyara.

Hajiya, ki dubi na'urar da kyau. Tiyo ɗaya ne ya fito daga jikinta zuwa fuska. Iska na tafiya ta cikinsa zuwa ga mutum, babu wani tiyo na biyu da ke kwashe wadda ya fitar. To numfashin da ya sauke, mai ɗauke da iskar kabon dayoksaid, ta ina zai bi? Ta waɗannan ramukan. Kamfani ne ya huda su, ya auna girmansu da yawansu, yadda iskar na'urar za ta riƙa wanke cikin takunkumin ba tsayawa, tana kora tsohon numfashi waje kafin mutum ya sake shaƙa. Kamar indararo suke a kan soro: wanda ya toshe shi don yana ganin ruwa na zuba ta nan, rufin ɗakinsa zai jiƙe da ruwa. Iskar da ke fita ta nan tana kai lita 20 zuwa 50 a minti ɗaya, gwargwadon takunkumin da ƙarfin da aka sa, kuma haka ake so. Wannan na daga cikin dalilan da suka sa na'urorin ba sa sauka ƙasa da lamba 4, domin ƙasa da haka iskar ba ta isa ta wanke takunkumin sosai.

In aka toshe ramukan, abin da mutum ya fitar yana komawa cikin tiyo ya tsaya, da ya ja numfashi sai ya dawo masa. Haka zai kwana yana shaƙar abin da jikinsa ya riga ya yar. Kabon dayoksaid ya taru a jini, jijiyoyin jinin kai su buɗe, shi ne ciwon kan da yake tashi da shi. Firgitar da ya yi yana fizge takunkumin, ƙwaƙwalwarsa ce ta tashe shi don ya tsira, kuma sai mu gode wa Allah da ta tashe shi. Abin da nake tsoro shi ne mutumin da ba zai farka ba, kamar wanda aka ba maganin barci irin su baliyam don wai ya saba da takunkumin, ko wanda ya sha maganin tari mai kodin, ko tiramol, ko tsoho mai ciwon huhu. Irin waɗannan, taruwar iskar ƙara nutsar da su take yi cikin barci.

Ga kuma abin da ya shafe mu a nan Sakkwato: ɗaukewar wuta. Babban takunkumi mai rufe hanci da baki yana da wani ɗan marfi na roba a gwiwarsa, daidai inda tiyo ke shiga. Muddin na'ura na aiki, iska na danne shi ya rufe ƙofar waje. Da zarar wuta ta ɗauke, sai ya saki, mutum ya shaƙi iskar ɗaki. Masu toshe ramuka sukan haɗa har da wannan ƙofar su naɗe da tef, don ita ma suna ganin rami ce. Ki yi tunanin ƙarfe 2 na dare a watan Afrilu, wuta ta ɗauke, hanci da baki a rufe, babu ƙofar ko ɗaya. Ki duba gwiwar takunkumin maigida yanzu. Ki kashe na'urar, ya sa takunkumin idonsa biyu, ya ja numfashi. In bai samu iska cikin sauƙi ba, wannan takunkumin ya tashi daga aiki. In da hali a haɗa na'urar da inbata ko batirin sola, ya fi kwanciyar hankali.

Akwai kuma takunkumin da tun daga kamfani ba shi da ramuka sam. Na asibiti ne, ana amfani da shi da injin da ke da tasa hanyar fitar da numfashi, kuma sau da yawa gwiwarsa shuɗiya ce. Yana shigowa cikin kayan gwanjo, mai shago ya sayar da shi a matsayin na CPAP, har ya yi tallarsa da cewa wannan ba ya yoyo. Duk wanda aka miƙa wa takunkumi bai ga ramukan fitar iska ba, ya ajiye shi a kan kantar ya fita. Abin na ƙona min rai. Mutum bai taɓa buɗe takardar kamfanin ba, inda aka rubuta ɓaro-ɓaro kada a toshe ramukan nan, amma yana shiga ɗakin kwanan mutane yana wasa da numfashinsu. Iya gyaran janareta daban, sanin yadda huhu ke aiki daban.

Yoyo na gaskiya ta gefe yake fita: ta saman hanci yana busa ido, ta kumatu, ko ta ƙasan haɓa. Shi ne ke kawo jar fuskar da kike gani, domin ResMed na ɗaukar abin da ya haura lita 24 a minti ɗaya a matsayin yoyon da ya yi yawa. Ana gyara shi ne a kwance, na'ura a kunne, ba a zaune gaban madubi ba, don fuska na sauya fasali in mutum ya kwanta. Akwai wurin gwaji a na'urar mai suna Mask Fit, ku yi amfani da shi. Kada a ɗaure igiyoyin tamau. Robar an yi ta ne don iska ta kumbura ta ta kama fata, in aka matse ta sai ta lanƙwashe, yoyon ya ƙaru, karan hanci ya yi gyambo. Ya wanke fuska kafin ya kwanta, kada ya shafa basilin ko wani mai, ke kuma ki riƙa wanke robar kullum da safe, musamman lokacin bazara da gumi ke sa ta santsi.

Ba ki faɗa min ko maigida na da gemu ba. In yana da shi, kamar yawancin dattawanmu, to babban takunkumi zai yi wuya ya zauna, don iska na bi ta cikin gashi. Ba na ce wa kowa ya aske gemunsa. Na hanci ya fi dacewa da shi, balle ma ya riga ya ji daɗinsa a baya. Bincike ya nuna mutane da yawa sun fi samun sauƙi da na hanci, kuma mai rufe baki kan buƙaci ƙarin ƙarfin iska. Ana komawa babba ne in baki na buɗewa cikin barci ko hanci na toshe kullum, shi ma sai an gwada igiyar riƙe haɓa da maganin toshewar hancin tukuna. Da sanyin hunturu, busasshiyar iska da ƙura na toshe hanci, don haka a ƙara danshi a tankin ruwan na'urar, a riƙa duba matatar ƙura da ke jikin na'urar, a sauya ta da ta yi datti. Kada a zuba turare ko man zafi a tankin.

Lamba 14 da aka ɗora masa ita ce ta kumbura masa ciki, iska yake haɗiya. Ƙara ƙarfi ba ya maganin yoyo, ƙara shi yake yi. Mai yiwuwa 9 ɗin ma ta buƙaci gyara in zai ci gaba da babban takunkumi, amma wannan hukunci ne da ake yankewa bayan an karanta bayanan na'urar. Akwai ɗan kati a gefenta da ke adana bayanin kowane dare: awa nawa aka yi, yoyo nawa, da sau nawa numfashi ya tsaya ko ya ragu a kowace awa. Abin da muke nema shi ne wannan adadin ya sauka ƙasa da 5.

Ku ɗauki na'urar da katin da takunkuman biyu, tsoho da sabo, ku kai wa likitan da ya rubuta masa ita, ko ku je Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ku nemi ganin likitan huhu, cikin makon nan. A auna masa hawan jini a ranar. Kafin nan kada ya tuƙa mota in yana jin gyangyaɗi da rana. In kuma kika ga ya tashi a ruɗe, ko yana da wuyar tashi, ko leɓensa ya sauya launi, ko yana kukan ciwon ƙirji, ki cire masa takunkumin ku tafi sashen gaggawa a daren, kada ku jira gari ya waye.