Amsa kan lissafin abin da aka jefa sama a karkace

Assalamu alaikum ƙanina. Ka ce kana babbar sakandare a Gombe, kuma idan aka ba ka gudun farko da kusurwa, ba ka san yadda za ka gano nisan da abin zai faɗi ba.

A ganina, abin da ke kayar da ɗalibai shi ne haddace ƙa'idoji ba tare da sun raba tafiyar gida biyu ba, wato tafiyar gaba da ta hawa sama. Gudun gaba ba ya canzawa, tunda ba a lissafa turjiyar iska, amma gudun hawa yana raguwa da mita 10 a daƙiƙa cikin kowace daƙiƙa saboda ƙarfin da ƙasa ke janyo abubuwa da shi, kuma wannan adadin WAEC ta saba bayarwa a maimakon 9.8.

A ce an buga ƙwallo a filin wasa na Pantami da gudun mita 20 a daƙiƙa, a kusurwar digiri 30. Gudun hawa shi ne 20 sau sin 30, wato 10, na gaba kuwa 20 sau cos 30, kimanin 17.3. Da ka raba gudun hawa, wato 10, da 10 ɗin da yake raguwa da shi a kowace daƙiƙa, ka san ƙwallon zai kai ƙololuwa cikin daƙiƙa 1, inda tsayinsa zai zama mita 5, sannan ya ɗauki wata daƙiƙar kafin ya sauko. Nisan ke nan 17.3 sau 2, kimanin mita 34.6.

Amma ninka lokacin hawa sau biyu yana aiki ne kawai idan wurin tashi da wurin sauka daidai suke. Dutsen da aka jefo daga saman bene lissafinsa daban. Ka kuma tabbatar kalkuletarka tana kan digiri.