Ɗana ba ya samun lokacin wasa, ko akwai illa?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ɗana shekararsa 8. Da safe boko, ƙarfe 4 Islamiyya, bayan magariba malamin lesin, Asabar da Lahadi kuma hadda. Babansa ya hana shi fita, wai wasa shiririta ce kuma unguwa ta lalace. Yanzu ya zama mai saurin fushi, ba ya barci da wuri, da ya samu sarari sai wayata. Rashin wasan ne?
Wata uwa daga Pantami, Gombe

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya raya shi. Ban duba yaron ba, amma abin da kika lissafa ya isa in ce rashin wasa yana da hannu a ciki.

A ƙa'idojin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2020, yaro ɗan shekara 5 zuwa 17 yana buƙatar aƙalla minti 60 na motsa jiki a rana, irin wanda zai sa shi haki da gumi. To ki dubi wunin ɗanki: daga benci zuwa tabarma, daga tabarma zuwa kujera. Ina wannan awa ɗayar ta shiga?

Ki tuna langa. Yaro ya kamo ƙafa ɗaya ta baya, yana tsalle da ɗayar, yana bangaje abokin karawarsa ba tare da ya saki ba. Wannan tsallen ne ke sa ƙashi ya yi ƙwari, domin ƙashin yaro sai ana ɗora masa nauyi yake ƙara ƙarfi. A can kuma yake koyon abin da ba malamin lesin da zai koyar da shi: ya jira layinsa, ya shanye idan an kayar da shi, su yi musu su shirya ba babba a kusa. Fushin da kike gani a gida, sau da yawa ƙarfi ne da ya rasa inda zai zube. Yaron da ya yi guje-guje kuwa, ana sallar isha'i yana gyangyaɗi.

Sai ido. Yaran da ke samun hasken rana a waje ba su cika kamuwa da matsalar rashin gani daga nesa ba kamar waɗanda kullum idonsu na kan littafi da waya.

Tsoron maigidanki gaskiya ne, ban raina shi ba. Ga babura da Keke Napep, ga kwaruruwan Gombe da ke cika da ruwa da damina. Amma maganin wannan sa ido ne, ba kulle ba. Tsakar gida ta isa, ko ƙofar gida da 'ya'yan maƙwabtan da kuka sani.

Da ni ce, lesin zan rage zuwa kwana biyu a mako. Idan Islamiyyarsu ba ta zama Alhamis da Juma'a, a bar masa yammacin nan ya buga ƙwallo ko ya gara taya. A zafin Maris da Afrilu a bari rana ta yi sanyi, ya sha ruwa, ya sa takalmi. Waya kuma a ɗauke ta awa ɗaya kafin barci.

Idan an yi wata guda bai sauya ba, ko kika ga yana ƙanƙance ido in zai kalli abu daga nesa, ki kai shi asibiti a duba shi.