Ya warke daga ciwon daji amma yana saurin haki: me za a saya?

Tambaya: Ɗana ya yi jinyar ciwon daji na ƙoda a Yamai yana ɗan shekara 4, yanzu 13 gare shi. Alhamdulillahi ya warke, sai dai in sun fita ƙwallo shi ke fara zaunawa yana haki. Wata mai kawo kaya ta ce in saya masa ƙwayar CoQ10, wai tana gyara mitokondiriya, kwalba jika 20. In saya?
Wata uwa, unguwar Ali Ɗan Sofo

Amsa: Hajiya, ku riƙe kuɗinku tukuna. Mai kayan ba ta yi ƙarya kan sunan ba. Mitokondiriya wasu 'yan ƙananan abubuwa ne cikin ƙwayoyin jiki, su ne murhun da ke ƙona abinci da iskar da muke shaƙa a samu ƙarfi. Tsokar zuciya ba ta hutu dare da rana, shi ya sa kusan kashi ɗaya cikin uku na kowace ƙwayarta su ne.

Ku tuna ko an taɓa ɗaura masa wani jan magani cikin ƙarin ruwa, wanda ke mayar da fitsari ja kwana ɗaya ko biyu. In haka ne, mai yiwuwa doxorubicin ne. Ya ceci yara da yawa, amma yana iya lahanta mitokondiriyar zuciya, kuma lahanin kan yi shiru shekara 10 ko 20 kafin ya fito fili. Haɗarin ya fi yawa in jimillar da aka ba yaro ta kai miligram 250 a kowace murabba'in mita ta jiki, ko an gasa masa ƙirji da haske, ko an ba shi yana ƙasa da shekara 5 kamar naku.

Babu bincike mai ƙarfi da ya nuna CoQ10 na gyara wannan ɓarna. Abin da ke nuna gaskiya shi ne hoton zuciya, wato eko, irin na'urar da ake duba mai ciki da ita, ba allura ba zafi. Ku tono takardun jinyarsa ko da sun yi ƙura a ƙasan akwati, ku kai wa likitan zuciya ya ga sunan maganin da yawansa. Mai babban haɗari akan duba shi duk shekara 2, wasu duk shekara 5. A auna jininsa ma, don ƙarancin jini kaɗai na sa yaro haki, ga shi kuma ƙoda ɗaya ce ake yawan bari bayan aikin tiyatar ciwon daji na ƙoda, ba a ɗura mata duk abin da aka gani a kasuwa.

In ƙafafunsa suka kumbura, ko ya kasa kwanciya sai da matashin kai biyu, ko ya suma, asibiti ranar nan.

Tambaya: Nawa yaron ya gama maganin ciwon daji na jini, yana son kokawa. In hana shi?
Wani uba, Tibiri

Amsa: Malam, ɗan Maradi da kokawa ai sai lallashi. Zaman gida ba ya kare zuciya, ƙara raunana ta yake. Tafiya, keke da ƙwallo suna sa tsoka ta ƙara yawan mitokondiriya. Abin tsoro shi ne ɗaga nauyi da yunƙuri ana riƙe numfashi, kuma kokawa cike take da shi. A yi eko, likita ya faɗi iyakarsa. Tiramol da lemun ƙara kuzari da samari ke sha kafin shiga fili kuwa, ko kusa.