Wurin saka faifai ya lalace, ta yaya zan sake ɗora Windows?

Tambaya: Assalamu alaikum. Laftof ɗina HP ce, ta yi nauyi sosai har takan ɗauki mintuna kafin ta gama tashi, kuma ina zargin bairos ya shige ta. Ina so in goge Windows in ɗora sabuwa, amma wurin saka faifan DVD ya daina aiki, in na saka faifai sai ya yi ta ƙara ya turo shi waje. Dole sai na sayi sabon wurin faifai ne, ko akwai wata hanya?

Amsa: Wa'alaikumus salam. Malam, ba sai ka sayi komai ba in ban da filashi. Kwamfutocin da ake ƙerawa yanzu ma yawancinsu ba su zuwa da wurin faifai, da filashi ake ɗora musu Windows, kuma ya fi faifai sauri nesa ba kusa ba.

Kafin komai, ka kwashe kayanka: hotuna, takardu, da duk abin da ke kan fuskar kwamfuta, ka zuba su a wani wurin daban. Kada ka zuba su a filashin da za ka yi aikin da shi, don za a share shi tas. In Windows ɗinka na da kullen BitLocker, wato tsarin da ke kulle bayanan rumbu, ka nemo lambar buɗe shi mai alƙaluma 48, galibi tana ajiye a asusunka na Microsoft. Sannan ka shiga shafin HP ka sauke direban Wi-Fi na samfurin laftof ɗinka, wato manhajar da ke sa Wi-Fi ɗin aiki, ka ajiye. Mutane da yawa suna raina wannan, sai an gama aiki a tarar kwamfuta ba ta ganin intanet, kuma ba intanet ɗin da za a sauke direban da shi.

Filashin ya kai gigabayit 8 ko sama da haka, kuma ya zama na ƙwarai. Akwai jabu da ke nuna 32 ko 64 alhali abin da ke cikinsa bai kai rabin haka ba, irinsa ne aiki ke tsayawa a tsakiya da saƙon cewa wasu fayiloli sun lalace. Hanya mafi sauƙi ita ce Media Creation Tool daga shafin Microsoft: zai sauke Windows ya shirya filashin da kansa. Kwafar fayil ɗin ISO, wato kwafin faifan Windows a fayil guda, zuwa filashi kamar yadda ake kwafar waƙa ba ya aiki, kwamfuta ba za ta tashi da shi ba.

In kana da ISO a hannu, yi amfani da Rufus, manhajar shirya filashi, kyauta ne. To a nan ne fa ake yawan tuntuɓe, don haka ka natsu. Kwamfutoci iri biyu ne wajen tashi: tsofaffi masu tsarin BIOS, da sababbi masu tsarin UEFI. Danna maɓallin Windows da R tare, rubuta msinfo32, ka duba layin BIOS Mode. GPT da MBR hanyoyi biyu ne na tsara rumbu: in ka ga UEFI, zaɓi GPT a Rufus. In ka ga Legacy, zaɓi MBR. In aka yi saɓani, ko dai filashin ya ƙi bayyana, ko kuma ka kai tsakiyar aiki Windows ta ce ba za ta hau wannan rumbun ba saboda tsarinsa GPT ne ko MBR. Rumbun lafiyarsa ƙalau, yadda aka tayar da filashin ne bai dace da shi ba. Ka bar sauran zaɓin yadda Rufus ya tsara su. Babban fayil ɗin da ke cikin Windows na yanzu yakan haura gigabayit 4, tsarin ajiyar fayiloli na FAT32 kuwa ba ya ɗaukar fayil guda da ya wuce haka, Rufus ya san yadda zai kauce wa wannan.

Yanzu ka jona caja, ka kashe laftof, ka soka filashin, ka kunna kana danna F9 a kai a kai. Wannan na HP ne. Dell da Lenovo F12 ne galibi, Asus kuma Esc. Zaɓi filashin daga jerin. In an nemi lambar lasisi ka ce ba ka da ita: tun daga Windows 8, kwamfutar da ta zo da Windows daga kamfani lasisinta na ajiye a cikin babban allon injinta, wato motherboard. Zaɓi Custom, ka share ɓangarorin tsohuwar Windows, ka ɗora sabuwar a filin da ya zama fanko. Ka dubi girman kowane ɓangare da kyau kafin ka share, don abin da ya tafi a nan ba ya dawowa da sauƙi. Da zarar kwamfuta ta sake kunna kanta karon farko, zare filashin, in ba haka ba tana iya mayar da kai farkon aiki.

Game da wadda za ka ɗora: Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoban 2025. Windows 11 tana buƙatar TPM 2.0, wani sashen tsaro a cikin kwamfuta, da RAM gigabayit 4, da rumbu gigabayit 64. In na'urarka ta cika sharuɗɗan, ita muke ba ka shawara.

Tambaya: Na yi duk wannan a sabuwar laftof, amma da na kai wurin zaɓar rumbu babu ko ɗaya a jerin. Ya ƙone ne?

Amsa: Da wuya. Wannan na yawan faruwa a laftof masu furosesan Intel daga zubi na 11 zuwa sama, saboda wani tsarin kula da rumbu da ake kira VMD. Ka sauke direban Intel Rapid Storage Technology daga shafin kamfanin laftof ɗin, ka warware shi a cikin filashin, ka danna Load driver a wannan allon ka nuna masa wurin. Rumbun zai fito.