Amsa: U-120 bai nutse saboda ban ɗaki ba

Assalamu alaikum. Ɗan'uwa, ka tambaya ko gaskiya ne jirgin ƙarƙashin ruwa na Jamus mai lamba U-120 ya nutse saboda matsalar ban ɗaki, kuma me ya sa ba a jin labarin yaƙinsa. To, an haɗa jirage biyu ne wuri guda. Wanda ban ɗaki ya jawo wa halaka shi ne U-1206, ranar 14 ga Afrilun 1945, kusa da gaɓar Sikotilan. An murɗa bawul ɗin ban ɗakin, wato abin buɗe ko rufe bututu, ba daidai ba, ruwan teku ya kwararo kan batura, iskar kulorin mai guba ta tashi, dole suka taso sama, jiragen Birtaniya suka far musu.

Na yi shekaru ina aiki a ɗakin injin jiragen dakon kaya, kuma na taɓa shiga wani jirgin ƙarƙashin ruwa na Jamus, U-995, da ke ajiye a bakin teku a Laboe, kusa da Kiel. Sai ka sunkuya ka ɗaga ƙafa kafin ka ratsa zagayayyiyar ƙofar tsakiya, ko'ina bututu ne da abin murɗawa, batura kuwa suna ƙarƙashin daɓen da ake takawa. Da na ga haka na daina jin labarin U-1206 a matsayin abin dariya.

Shi U-120 ƙarami ne sosai, samfurin IIB: tsawonsa bai kai mita 43 ba, mutum 25 a ciki, tofido (makamin da ake harba wa jirgi ta ƙarƙashin ruwa) biyar kacal. Sojojin ruwan Jamus kan kira irinsa kwale-kwale saboda yadda igiyar ruwa ke wasa da shi. A Lubek aka ƙera shi da ɗan'uwansa U-121, asali don ƙasar Sin, amma Jamus ta riƙe su. Ya fara aiki ranar 20 ga Afrilun 1940, kuma har Yaƙin Duniya na Biyu ya ƙare bai fita farmaki ko sau ɗaya ba. Jirgin makaranta ne. Yawancin shekarunsa a Pillau ya yi su, cikin runduna ta 21 a Tekun Baltik, inda jiragen Birtaniya ba sa iya kutsawa cikin sauƙi. Kullum nutso, tasowa, nutson gaggawa, a sake, sai hannu ya san bawul ko a cikin duhu.

Nan ne nake ganin ana raina shi ba bisa ƙa'ida ba. Mu da muka koyi aiki a kan tsohon inji mun san abin da ake ɗauka a wurin. Duba kwamandansa na farko, Ernst Bauer: daga nan ya karɓi U-126, shi ne ya nutsar da jirgin Amurka Lehigh a kusa da Firitawun ta Saliyo a Oktoban 1941, tun Amurka ba ta shiga yaƙin ba. Wolfgang Heyda da ya gaje shi a U-120 ya koma U-434, aka kama shi a Disamban 1941, ya yi zaman fursuna a Kanada. Abin da ke taɓa min zuciya shi ne samarin da aka horar a irin waɗannan jirage, domin kusan uku cikin huɗu na sojojin jiragen ƙarƙashin ruwan Jamus ba su koma gida ba.

A watan Mayun 1945 mutanen U-120 da kansu suka nutsar da shi a Bremerhaven don kada ya faɗa hannun sojojin ƙawance. A 1950 aka ciro shi aka yanka ƙarfen.